Zauren Iyaye: Ko in bar yarona ya tafi sansanin dogon hutu?

Da zarar an shiga zango na uku, takardun talla kan fara yawo a WhatsApp da ƙofofin makarantu: sansanin hutu na mako biyu, hadda da kwamfuta da wasanni, ci can, kwana can. Yawancin wasiƙun da suka zo wa wannan shafi a wannan karon a kan haka suke. Mun zaɓi shida, muka amsa su tare da wata ma'aikaciyar jinya ta ɓangaren yara, da wani malami da ya daɗe yana kula da ɗakunan kwanan ɗalibai, da wani mai horar da 'yan Sikawut.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 9. Malaminsu na Islamiyya ya kawo takardar wani sansani na mako biyu a watan Agusta, a wata makarantar kwana da ke wajen gari. Babansa ya ce a bar shi ya je ya koyi zama namiji. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya, don bai taɓa kwana ko'ina ba tare da ni ba. Me kuke gani? Daga Maman Abba, Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam, Maman Abba. Maigidanki yana da gaskiyarsa. Tura yaro ya kwana wani wuri don ya koyi wani abu tsohuwar al'ada ce a wurinmu: riƙo, hutu a gidan kaka, tsangaya, makarantar kwana. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1954, ta daɗe tana tara ɗalibai a kwas ɗin hutunta, haka 'yan agaji da 'yan Sikawut suna da nasu zaman horo. Yaron da ya yi irin wannan zama a hannu nagari yakan dawo ya iya wanke kayansa, ya iya tashi asuba da kansa, ya iya zama da wanda ba jininsa ba.

Amma a lura da abu ɗaya. Wannan salo na biyan kuɗi a miƙa yaro ga mutanen da ba a sani ba a lokacin dogon hutu, daga Amurka da Ingila aka aro shi, kuma su hutunsu yana faɗawa ne a lokacin da yanayinsu ya fi daɗi. Namu dogon hutun tsakiyar damina yake faɗawa. Agusta ne watan da ruwa ya fi sauka a Kano, sauro ya fi yawa, rijiyoyi suka fi gurɓata. Saboda haka ma'aunin da za ki auna sansani da shi dare ne: ƙarfe biyu, ruwa yana zuba, an ɗauke wuta, jikin Abba ya yi zafi. Wa zai sani, kuma me zai yi?

Shekaru kaɗai ba sa nuna yaro ya kai. Ki duba ko yana wanka da tsarki da kansa ba sai an bi shi ba, ko ya iya wanke ƙananan kayansa, ko ya haddace lambar wayarki da ta babansa. Wanda ya fi waɗannan duka nauyi shi ne: zai iya tunkarar babban da bai saba da shi ba ya ce "Malam, ba ni da lafiya"? Mun raini 'ya'yanmu da kunya da kawaici, abin yabo ne a gida, amma a sansani yaro mai alkunya yakan lulluɓa da bargo ya ɓoye zazzaɓi kwana biyu.

Ki gwada shi kafin a biya ko sisi. Ki kai shi gidan gwaggonsa ko kawunsa a wata unguwa ya yi kwana uku, a bar shi ya kula da jakarsa da kansa. In ya dawo da kayansa cif, ya ci abinci, ya yi barci, an samu alama.

Ra'ayinmu a fili: mako biyu ya yi wa ɗan shekara 9 da bai taɓa kwana waje ba yawa. Ki nemi na kwana uku zuwa biyar a cikin gari, ko wanda ake zuwa da safe a dawo da yamma. Na mako biyu a bar shi sai ya kai 11 ko 12. Ki gaya wa babansa cewa ba hana shi kike yi ba, jinkirtawa ce.

In kuma an yanke zai je, kada ki ce masa "in ba ka ji daɗi ba ka bugo in zo in ɗauke ka." Yaron da aka yi wa wannan alkawari ba ya ƙoƙarin sabawa, kunnensa na kan ƙarar mota. Kewar gida takan taso bayan magariba, ta fi tsanani a dare na biyu da na uku, sannan ta lafa. Don haka a tsayar da lokacin waya da safe bayan karin kumallo, minti biyar, duk bayan kwana biyu ko uku. Yaron da ke ci, yana wasa da rana, yana hawaye da dare, kewa ce kawai. Wanda ya daina cin abinci kwana biyu, ko yake tsoron wani takamaiman mutum, ko muryarsa ta canja ya ƙi faɗin dalili, wannan a je a ɗauko shi ranar, ko kuɗin zai tafi a banza.

TAMBAYA: Na ga tallan wani sansani a WhatsApp, hotunan wurin sun yi kyau, har na tura rabin kuɗin yara biyu. Me ya kamata in bincika kafin in cika sauran? Daga Alhaji S., Hotoro.

AMSA: Alhaji, an riga an yi rabin cinikin biri a sama, a tsaya nan. Zuwa da kai ya fi aike. Ka je wurin da ƙafarka, ba tare da ka sanar ba, kuma in da hali ka je washegarin ruwan sama, lokacin da rufin da ke yoyo da kwatar da ke ambaliya ba sa ɓuya. Duk wanda ya ce ba a ganin wuri sai ranar kawo yara, ka nemi kuɗinka.

Ka fara da mutum kafin gini. Wane ne shugaban sansanin, ina gidansa, wa ya san shi a unguwarsu? Lambar waya da lambar asusu ba su isa shaida ba. Ka nemi ganin takardar izinin mai makarantar da za a zauna a ciki, ka tambaya ko an sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da mai unguwa ko dagaci. Ka karɓi lambobin iyaye biyu da 'ya'yansu suka je bara, ka kira su da kanka.

Sai yawan masu kula. Ƙungiyar masu sansanonin yara ta Amurka ta ajiye ma'auni ga sansanin kwana: babba ɗaya ga yara 6 in shekarunsu 6 zuwa 8 ne, ɗaya ga 8 in 9 zuwa 14 ne, ɗaya ga 10 in 15 zuwa 18 ne. Ko Baden-Powell, da ya yi sansaninsa na farko a tsibirin Brownsea a 1907, wanda daga shi Sikawut ta samo asali, yara wajen 20 kawai ya ɗauka, ya kasa su gida huɗu. A nan za ka ji an ce "muna da malamai 15," amma in ka bi diddigi 11 gida suke komawa bayan la'asar. Tambayar ita ce mutum nawa ke kwana, kuma a ina suke kwana. Ɗalibin sakandare ɗan shekara 16 da aka naɗa shugaban ɗaki ba ya cikin lissafin manya.

Wannan ya kawo mu ga maganar da iyaye ba sa son furtawa. Lalata da yara a wuraren kwana tana faruwa, kuma sau da yawa daga manyan yara take fitowa, ba daga malamai kaɗai ba. Annabi (SAW) ya yi umarni a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10. Ka duba da idonka: kowane yaro da katifarsa, 'yan shekara 9 ba a ɗaki ɗaya da 'yan 15 ba, banɗaki yana da ƙofa, hanyar zuwa banɗakin tana da fitila. Ka tambaya ko suna da dokar hana babba kaɗaicewa da yaro a ɗaki rufe. In shugaban ya ɓata rai don ka yi wannan tambaya, ka samu amsarka. Su kuma yaranka ka zaunar da su ka gaya musu ƙarara: babu mai ikon taɓa musu al'aura ko ya ce su tuɓe, ko malami ne, kuma duk wanda ya ce "kada ka gaya wa Abbanka," wannan maganar ce ta farko da za su gaya maka.

A ɗakin kwana ka kalli ƙofa da tagogi. Yawancin tagoginmu da ƙarfen kariya suke, to in aka datse ƙofa da kwaɗo ta waje da dare, ɗakin ya zama akurki, gobara ta tashi babu mafita. Makulli ya kasance a hannun babban da ke kwana ciki, kuma an fi son ɗaki mai ƙofa biyu. Janareta ya kasance a fili, nesa da taga da aƙalla mita 6, domin iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari, mai barci ba ya farkawa. Maganin sauro na kunnawa kusa da katifar soso shi ma hanyar gobara ne. Ka ɗaga katifa ka duba ɗinkin gefenta: ɗigo-ɗigo baƙi alamar kuɗin cizo ne.

Ruwa kuwa lissafi ne. Yaron da ke kwana a wuri yana bukatar aƙalla lita 20 a rana, sha da wanka da alwala da wanki. Yara 100 ke nan lita 2,000, wato jarka 80 mai lita 25, kullum. In burtsatse ne, me zai faru ranar da famfon ya lalace? In 'yan garuwa ne, daga ina suke ɗebowa? Ruwan sha ko dai na leda mai rajistar NAFDAC, ko a tafasa, ko a sa masa sinadarin kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30. Masai ɗaya kada ya wuce wa yara 20 zuwa 25, da sabulu a bakinsa. A kicin ka tambayi ƙarfe nawa ake dafa abincin dare. Shinkafar da aka sauke da azahar aka rufe a kula har isha ita ce ke kwantar da ɗaki guda da gudawa.

Maganar tsaro ba ta bukatar dogon bayani ga wanda ya tuna Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021. Duka biyun makarantun kwana ne, kuma da dare 'yan bindiga suka shiga suka sace ɗalibai. Ka duba katanga, da yawan masu gadin dare, da nisan wurin daga gari, ka kuma ciro wayarka ka ga ko akwai sabis. Sansanin da ke bakin daji ko kan iyaka da inda ake fama da 'yan bindiga, kome arharsa, a haƙura. A rubuta sunan mutum biyu kacal da ke da ikon ɗauko yaran. Tafiya kuma a yi ta da safe, kowane yaro da kujerarsa, ba a cusa 25 a bas mai cin 18 ba.

TAMBAYA: 'Yata shekararta 12, tana da sikila. Ƙawayenta duk za su je, tana ta kuka. In hana ta? Daga Hajiya Umma, Sharaɗa.

AMSA: Hajiya, sikila ba ta hana zuwa sansani kai tsaye, amma tana rage wuraren da za a iya zaɓa. Abubuwan da ke tayar da ciwon su ne sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da gajiya mai tsanani, da zazzaɓi, kuma sansanin damina ya tara su duka: wanka da ruwan sanyi da asuba, dukan ruwan sama, gudu a fili, cizon sauro.

Ki fara kai ta wurin likitanta mako biyu kafin tafiya, ya rubuta takarda mai ɗauke da nau'in jininta, da magungunan da take sha kullum, da abin da za a ba ta in ciwo ya taso. Kwafi ɗaya a hannun ma'aikaciyar jinyar sansanin, ɗaya a jakarta. Ma'aikaciyar jinyar kuma ta kasance mai kwana a wurin, tana da ma'aunin zafin jiki, da mota da direba a tsaye cikin dare. Zafin jiki da ya kai digiri 38 ga mai sikila maganar asibiti ce nan take, ba ta farasitamol a jira gari ya waye ba. Haka ciwon ƙirji, ko numfashi da ƙyar, ko fuska da tafin hannu su yi fari fat, ko wani sashe na jiki ya saki. Shi ya sa muka fi son wurin da bai wuce tafiyar minti 30 ba daga babban asibiti irin na Malam Aminu Kano ko na Murtala.

A yarda mata da wanka da ruwan ɗumi, da rigar sanyi da safa, da gorar ruwa a hannu ko a cikin aji, da izinin zama ta huta ba tare da an kira ta raguwa ba. In masu sansanin suka ce "ai duk ɗaya muke ɗaukar yara, babu bambanci," to ba wurinta ba ne. Ki nemi su bar ta tana zuwa da rana tana kwana gida. Wannan shawara ta shafi mai asma ma, sai dai shi abin shaƙarsa a aljihunsa zai zauna, kada a kulle shi a ofis.

TAMBAYA: Ɗana ɗan shekara 10 yana fitsarin kwance jefi-jefi. Yana son zuwa, ina tsoron a yi masa dariya. Daga wata uwa, Kurna.

AMSA: Baiwar Allah, ba shi kaɗai ba ne. Kusan ɗaya cikin 20 na 'yan shekara 10 suna yi, ba lalaci ba ne, kuma duka ko waƙar tsokana ba sa maganinsa. Ki gaya wa babba ɗaya a asirce, wanda zai kwana a ɗakinsu. A ba shi gadon ƙasa kusa da ƙofa, a shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado, a sa masa zani biyu na canji da baƙar leda ta zuba jiƙaƙƙen kaya da ƙaramar tocila. Ya sha ruwansa sosai da rana, ya rage awa biyu kafin barci, ya bar shayi da lemon kwalba da dare, ya yi fitsari bayan isha sannan ya sake kafin ya kwanta. Mai kula ya tashe shi kafin sauran su farka don asuba. Ki kuma duba ko yana fama da taurin bayan gida, don yana cikin abin da ke jawo shi. Akwai maganin da likita kan rubuta na 'yan kwanaki saboda irin wannan tafiya, amma a fara gwada shi a gida, kuma kada a saya a kemis da ka. In ba a samu babban da zai riƙe sirrin ba, a bari sai baɗi. Sunan tsokana da yara suka laƙaba wa yaro a mako biyu yakan bi shi har sakandare.

TAMBAYA: Bara ɗana ya dawo daga wani sansani da ƙaiƙayi, bayan mako guda zazzaɓi ya kwantar da shi, bayan wata uku muka ga jini a fitsarinsa. Masu sansanin sun ce ba a wurinsu ya ɗauko ba, tunda lafiya ya bar hannunsu. Bana me zan yi? Daga Malam I., Ɗorayi.

AMSA: Malam, duka ukun suna iya zama tsarabar can, don kowannensu yana ɗaukar lokaci kafin ya bayyana. Zazzaɓin cizon sauro yakan fito kwana 7 zuwa 14 bayan cizon, wani lokaci fiye. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana rabawa da damina na 'yan ƙasa da shekara 5 ne, 'yan sansani ba sa ciki, gidan sauro ne kariyarsu. Duk zazzaɓin da ya zo cikin wata guda da dawowa a yi gwajin jini kafin a ba da magani, in kuma an fara a cika kwana ukun.

Ƙaiƙayin da ya fi tsanani da dare, a tsakanin yatsu da wuyan hannu da kugu, ƙazwa ce. Daga haɗa shimfiɗa da tawul take zuwa, kuma sai an yi wa duk 'yan ɗakin magani rana ɗaya, an wanke kaya da ruwan zafi an shanya a rana.

Jini a ƙarshen fitsari kuwa alamar tsargiya ce. Ƙwayar cutar a jikin wasu ƙananan dodon koɗi take girma, a ruwan dam da kududdufi da magudanar noman rani, ta huda fata yayin wanka ko da na minti kaɗan ne, jinin kuma sai bayan wata biyu zuwa uku. Ka tambaye shi ko sun shiga ruwa. A gwada fitsarin a asibiti. Maganinta Praziquantel ne, gwargwadon nauyin yaro ake ba da shi. Bana ka rubuta a takardar amincewa cewa ba ka yarda ya shiga dam ko kududdufi ko kwalekwale ba. Yawon buɗe ido zuwa Tiga ko Bagauda ba laifi, a tsaya a gaɓa, don nutsewa ta fi tsargiya saurin kisa, kuma yaron da ke nutsewa ba ya iya ihu.

A jakarsa ka sa gidan sauro mai magani, wanda in sabo ne an shanya shi a inuwa kwana ɗaya, da igiyar ɗaurawa mita biyar, don ba kowane ɗaki ke da ƙusa ba. Bokiti da buta da kofi da kwano nasa na kansa, a rubuta sunansa da maka. Tawul da soso da zanin gado biyu, tocila, rigar sanyi, takalmi mai rufe ƙafa saboda kunama da maciji, da ƙullin gishirin ORS huɗu. Ana kaɗa ƙulli ɗaya a lita ɗaya, wato ruwan leda biyu, in ya kwana ya wuni a zubar. Ka kuma duba katin rigakafinsa, musamman ta mashaƙo, wadda ta yi ɓarna sosai a Kano a 2023, kuma cunkoson ɗaki ne ke yaɗa ta.

TAMBAYA: Ba ni da halin biya, kuma maigida bai yarda 'ya mace ta kwana waje ba. Ko yarana za su yi asara? Daga Maman Ummi, Fagge.

AMSA: Ba za su yi ba, Maman Ummi. Abin da sansani ke koyarwa ana samunsa a kusa. Makarantun Islamiyya da yawa suna buɗe daurar hadda ta safe zuwa azahar a dogon hutu. Babban namiji a haɗa shi da tela ko mai gyaran waya da aka yarda da shi a unguwa, daga tara zuwa azahar, mako huɗu. Kwana goma a gidan kaka, da sharaɗin kowa ya wanke kayansa ya kama aikin gida, zai koya musu zama ba uwa a kusa. A ware Asabar biyu, ɗaya a kai su Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, ɗaya a hau Dutsen Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ita kuma Ummi, in akwai sansanin mata zalla da malamai mata ke kwana da su, ki nemi a yarda tana zuwa da rana. Masu shiryawa da yawa suna rage kuɗi sosai ga wadda ba za ta kwana ba, sai dai ba sa rubuta hakan a takardar talla, sai an tambaya.